Sirdin Kekena da Ƙafar Surukina

Allah Ya yi ni dogon mutum, kekena kuma ya bi tsayina. Tun ranar da na saye shi a kasuwar Gadarif na ja sirdinsa sama har inda ƙarfen ya kusa ƙarewa, na ɗaure, ban sake taɓa shi ba. Shekara da shekaru a kansa na ci abinci. Sukari da ganyen shayi da sabulu da busasshiyar kuɓewa nake ɗaurawa a baya, in bi kwalta, in ratse zuwa kambo, wato sansanin da leburorin gona ke zama lokacin yankan riɗi da dawa. Da gwiwoyina suka fara ƙara, sai na jingine shi bayan bukka na lulluɓe shi da buhu. Tsatsa ta ci ƙarfen sirdin daga sama har zuwa daidai inda na ɗaure, ta bar zobe a wurin.

Duk wanda ya yi sana'a a kan keke ya san ɗaurewar sharaɓa. Kana cikin tafiya lafiya lau, sai naman bayan ƙafarka ya dunƙule wuri ɗaya, ya yi tauri kamar an cusa maka dutse ƙarƙashin fata, yatsunka su lanƙwashe ƙasa ba da izininka ba. In ba ka yi saurin sauka ba, keken ne zai sauke ka. Na sha ta ina saurayi har na gane abubuwan da ke kiranta. Tana zuwa wa wanda ya fita da sassafe bai sha ruwa ba, ya jira sai ƙishi ya kama shi. Tana zuwa wa wanda gumi ya wanke masa gishirin jiki bai mayar ba, da wanda ya ɗora wa ƙafa tafiyar da ba ta saba ba a rana ɗaya. Amma babbar mai kiranta ita ce sirdin da ya yi wa mutum tsawo, har ya zama da kan yatsu yake taɓo feda. Kowane juyi sai sharaɓa ta miƙe ta ja, ta miƙe ta ja, ba hutu. Duk wannan na san shi kamar yadda na san hanyar masallacin unguwarmu.

Da yaƙi ya isa garin Madani inda take aure, 'yata ta fari ta iso mana a bayan babbar mota, ita da mijinta da 'ya'yansu, da abin da hannu ya iya ɗauka. Mijin nata tela ne. Keken ɗinkinsa da shagonsa duk can suka bar su. Mutum ne gajere, mai sanyin murya, mai kunya ko a cikin masu kunya. Muka ba su bukkar da ke kusa da ƙofa. Na san abin da ke cin sa tun makon farko, domin zama a gidan suruki nauyi ne a wurinmu ko da lafiya ce ta kawo mutum. Ba ya cin abinci inda zan gan shi, ba ya shan ruwa a gabana, ba ya ɗaga ido ya dube ni. Ni ma haka aka rene ni, ba na kiran sunansa, ba na kiran sunan matarsa tunda ita ce ta fari. In ina da magana da shi, sai in faɗa wa Hajiya, matata, ita ta faɗa wa 'yarta, 'yar ta kai masa.

Watanni ya yi yana yawon neman aiki. Garin ya cika da irinsa, kowane tela yana da mutum biyu uku da ke jiran ya tashi daga kan keken ɗinki. Sai ya fara maganar tafiya arewa, wurin haƙar zinariya, inda wasu abokansa suka tafi. Hajiya ce ta kawo mini labarin. Ta ce 'yar tamu ta daina cin abinci sosai, tana cewa ta fito da mijinta daga wuta, ba za ta iya ganin ya shiga rami ba. Tun daga ranar addu'ata ta koma abu ɗaya, Allah Ya ba shi abin yi a nan garin, ya zauna tare da iyalinsa.

Bayan ƙaramar Sallah Allah Ya amsa. Wani mai gidan burodi, furun kamar yadda muke cewa, yana neman mai keke da zai riƙa kai burodi ga mata masu shayi da 'yan shagunan da ke bakin kwalta ta kudu, har zuwa ƙauyukan da ke gaba. Sharaɗinsa ɗaya ne, burodi ya isa kafin lokacin karin kumallo, domin in ya makara matan za su saya a hannun wani. Na ce wa Hajiya ta ce wa 'yarta ga keke nan bayan bukka, ya ɗauka, nasa ne.

Al'adata ce bayan sallar asuba in shimfiɗa buzu ƙarƙashin rumfar tsakar gida, kusa da randunan ruwa, inda haske ke fara sauka, in yi lazimi, in ɗan kwafi waƙoƙin wa'azi da ajami kafin rana ta yi zafi. Nan yake samuna kullum. Sai ya tuɓe silifa daga nesa, ya durƙusa, ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" In ce, "Lafiya lau. Allah Ya ba da sa'a." Ya ja keken da hannu ya fita, ba ya hawa sai ya sha kwana, don kada ya hau abin hawa a gaban idona.

Ran nan na bi bayansa zan je shago, sai na hango shi a miƙaƙƙen layi. Yana can sama a kan sirdina kamar an ɗora shi a kan raƙumi, ɗuwawunsa na zamewa dama da hagu, yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa feda, su ma da ƙyar, cikin silifar roba. A baya ga faffaɗan akwatin katako na burodi. Ga zafin bazara, wanda a Gadarif baƙar ƙasa ke tsagewa saboda shi har hannu ya shiga. Na tsaya ina kallo har ya ɓace, na san abin da ke tafe.

Ba a daɗe ba ya fara dawowa yana ɗingishi. In ya shigo ya gan ni sai ya daidaita tafiyarsa, ya cije, har ya shige bukka.

Na ce wa Hajiya, "Ki gaya wa yarinyar nan, ta gaya wa mai gidanta ya sauke sirdin keken nan. Ya yi masa tsawo, shi ke ɗaure masa ƙafa."

Ta ce, "Kai da bakinka fa? Tsakaninku taku nawa ne?"

"Ke dai ki faɗa."

"To, Alhaji sarkin aike. Gida ɗaya, sai an zagaya ta can garin Kassala kafin magana ta isa."

Ta faɗa, amma kowa ya karɓi maganar sai ya ɗan rage mata kaifi saboda ladabi. Hajiya ta ce wa 'yarta, babanki ya ce in mijinki yana so, yana iya gyara sirdin. 'Yar ta ga ba za ta iya ce wa mijinta mahaifinta ya lura da gajartarsa ba, sai ta ce masa Baba yana tambayar lafiyar keken, ko akwai abin da ke son gyara. Washegari da la'asar na same shi a tsakar gida ya kifa keken, ya wanke shi tas, yana ɗiga wa sarƙa mai, yana goge kowace waya da tsumma. Ya ɗauka ina tsoron ya lalata mini kaya ne. Da ya gan ni ya miƙe a ƙafa ɗaya da rabi, ya ce, "Baba, in sha Allah ba abin da zai same shi."

Na ce, "Madalla. Allah Ya yi albarka." Na wuce. Kalmomin suna bakina, na ji su a kan harshena, amma na wuce.

Na sake aikawa, wannan karon na ce a faɗa yadda na faɗa. Amsar ta dawo ta hanyar da ta tafi. Ya ce Allah Ya kiyaye ya sa hannu ya sauke abin da Baba ya ɗaga, aro aka ba shi, yadda ya karɓa haka zai mayar, kuma shi bai ga wata wahala ba.

Hajiya ce kuma ta nuna mini abin da ban gani ba. Ina faɗin ya kamata ya riƙa shan ruwa sosai kafin ya fita, a jiƙa masa tsamiya ko kuka a sa ɗan gishiri, sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

"A ina zai sha?"

"A randa mana."

"Randar da ka kafa buzunka a gindinta kamar mai gadi? Tunda ya fara aikin nan ka taɓa ganin ya ɗauki moɗa? Da busasshen maƙogwaro yake fita, Alhaji. Kai kana can kana ta jan baƙi."

Na dubi randunan, na dubi buzuna. Ina zaune ina ambaton Allah, ashe na tare wa bawansa ruwa.

Washegari na ƙi fitowa, na zauna cikin bukkata bayan sallah don ya samu ya sha. Sai ga sallamarsa a bakin ƙofa. Na yi shiru ko zai tafi, ya sake yi, ya sake. Ya ɗauka ba ni da lafiya, kuma ba zai fita bai gaishe ni ba. Da na fito ya tsaya tambayar jiki, ko a kira mai magani, har rana ta ɗaga. Ranar ya makara saboda ni. Daga baya 'yata ta riƙa cika masa gora tana kai masa cikin bukka, tana ɗaura wata a keken. Ya taimaka kaɗan. Sirdin dai yana nan inda yake.

Na haɗu da mai furun a masallacin Juma'a. Balarabe ne, mutumin kirki, mun daɗe da sanin juna. Ya riƙe hannuna ya ja ni gefe.

"Ya Hajj, surukin nan naka mutum ne mai amana, ko gutsuren burodi bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Amma wallahi matan nan sun ishe ni da ƙara. Yakan kai wa na kusa da wuri, na nesa sai rana ta take. An ce ana ganin sa zaune bakin hanya yana riƙe da ƙafa. Lafiyarsa kuwa?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Keken ne, za a gyara."

"To a gyara, don Allah. Kullum da safe mutane a ƙofata suna roƙon aikin nan. In aka sake, ba ni da bakin da zan ba matan haƙuri."

Na dawo gida na yanke shawarar yi da hannuna. Na jira ya tafi sallar la'asar, na ɗauko sifana daga tsohon gwangwanin kayan gyarana, na zuba wa notin kananzir, na yi ta fama har ya saki. Na sauke sirdin kamar faɗin tafin hannu, na auna da idona daidai tsayinsa, yadda in ya zauna diddigensa zai iya taka feda ƙafa a miƙe. Na ɗaure, na mayar da keken yadda ya jingine shi. Na ji daɗi ranar, har Hajiya ta tambaye ni abin da nake wa murmushi. Ban gaya mata ba. Na ga kamar na sami hanyar da ba wanda zai ji kunya.

Kafin magariba ina cikin bukka sai na ji muryarsa a tsakar gida, a sama, abin da ban taɓa ji ba. Yana yi wa 'ya'yansa faɗa.

"Wa ya taɓa keken kakanku? Wa ya taɓa? Mutum ya ba mu ɗaki, ya ba mu abinci, ya ba mu abin hawansa, ku kuma ku mai da shi abin wasa? Haka na koya muku?"

Yaran suna rantsuwa ba su ba ne, ƙaramar ta fashe da kuka. Ina zaune, carbi a hannuna, labule kawai ke tsakanina da su. In na fito na ce ni ne, na kama shi yana ɗaga murya a gidana, na kuma nuna masa a gaban 'ya'yansa cewa na ga ƙafarsa ba ta kai ba. Haka na gaya wa kaina. Na zauna har kukan ya lafa. Sai na ji ƙarar ƙarfe. Ya aro sifana a maƙwabta, ya ja sirdin sama, ya daidaita shi da zoben tsatsar nan, ya ɗaure tam.

Na ce gobe zan yi masa magana. Goben ta zo, ya durƙusa ya gaishe ni, na ce Allah Ya ba da sa'a.

Bayan 'yan kwanaki aka yi rasuwa a wani ƙauye da ke kan wannan hanyar ta kudu, wani tsohon abokin cinikina. Na ɗauki karo, amalanken jaki na wani maƙwabcinmu Bahaushe, muka kama hanya da hantsi. Mun bar gari, gonaki sun buɗe dama da hagu, babu komai sai kututturen dawar bara da baƙar ƙasa, kwalta na ta walƙiya. Sai mai karo ya nuna da sandarsa.

"Alhaji, waccan ba doguwar raƙumarka ba ce a kwance?"

Keken ne, a kwance gefen hanya. An sauke akwatin burodin an ajiye shi a tsanake, an rufe da zane. Surukina yana zaune a ƙasa, ya riƙe ƙafarsa ta dama da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, bakinsa a buɗe. Da ya ɗago ya ga ni ne, sai ya yunƙura zai tashi ya durƙusa. Ƙafar ta ƙi, ya koma ya zauna daɓas, ya ce, "Baba, sannunku da zuwa," kamar a zaure na same shi.

Mai karo ya dube ni, ya dube shi, ya ja jakinsa can gaba ya juya mana baya, ya shiga duba kofaton da ba abin da ya same shi.

Na sauka. Gwiwoyina suka yi ƙara da na durƙusa a gabansa. Na ga sharaɓar ta dunƙule, tana motsi da kanta ƙarƙashin fata, yatsun sun lanƙwashe. Na miƙa hannu, ya janye ƙafar.

"A'a Baba, don Allah. Ƙafa ce. Yanzu za ta saki."

"Miƙo."

"Baba, ku rufa mini asiri."

"Na ce miƙo. Ba surukinka ke magana ba, tsohon mai keke ne."

Na ce bismillah, na kama diddigensa da hannun hagu, na sa tafin hannun dama a ƙarƙashin yatsunsa, na tura su sama wajen ƙaurinsa a hankali, na ce ya miƙe gwiwa. Ya ja numfashi ta haƙora. Na riƙe haka, ban sake ba, har na ji dutsen nan ya fara narkewa. Sannan na bi naman da babban yatsa daga ƙasa zuwa sama ina murzawa. Tafin ƙafarsa ya yi kanta a kan yatsu kawai, sauran duk laushi, ƙafar mutumin da ya yi rayuwarsa a inuwar shago. Ya kau da fuskarsa gefe. Hawaye na zuba, ban sani ba ko na zafi ne ko na kunya, ban kuma tambaya ba.

Gorarsa na rataye a keken, ko rabi bai sha ba. Ya ce yana ajiye ta ne saboda dawowa, lokacin da rana ta fi zafi. Na ce ba haka ake yi ba, kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan tun daga farkon tafiya, kada a jira ƙishi, in ta ƙare a roƙi matan shayi su cika. Na miƙa masa. Ya riƙe ta a hannu yana kallon ƙasa. Sai na gane, na juya na fuskanci gonaki. Ina jin ruwan na wucewa ta maƙogwaronsa, ya daɗe yana sha.

Ban juyo ba na ce, "Sirdin nan, ni na sauke shi ran nan. Ba yara ba ne."

Can ya ce, "Innalillahi. Baba, ku gafarce ni. Na warware aikin hannunku ban sani ba."

Shi ke neman gafarata. Sai na shiga zuba masa duk abin da na riƙe makonni. Na ce sirdi ya sauka har diddige ya iya kai wa feda. Na ce ya bar taka ta da kan yatsu, ya taka da tudun tafin ƙafa, ya sami takalmi mai tauri ya bar silifa. Na ce kafin ya hau da bayan ya sauka ya dafa bango, ya mai da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, ya ja har ya ji ta miƙe. Na ce ya fara tafiya a hankali har jiki ya ɗumama, in ya zo hawa da kaya ya sauka ya tura, ba abin kunya ba ne. Na ce dabino a aljihu, da ɗan gishiri a ruwan tsamiya. Yana ta cewa, "To Baba. To Baba." Duk maganar ba ta fi tsawon shan kofin shayi ba.

Ba mu da sifana a wurin, ƙafar kuma ba ta taka feda ranar. Muka ɗora burodin da keken a karo, na fasa zuwa ta'aziyyar, muka bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya. Jaki ba ya sauri don mutum yana cikin damuwa. Na kusa sun karɓa suna mita. Na nesa mun tarar har sun wanke kofuna, wani ya riga ya sayar musu. Wata dattijuwa ta ce masa, "Ɗana, ba ƙin ka muke ba, amma leburori ba sa jira." Muka juyo da rabin akwati.

Ni na shiga wurin mai furun, na bar shi a waje. Na ce laifin nawa ne, sirdi ne, yau ɗin nan zan gyara, a ba shi mako guda a gani.

Ya ce, "Ma'alesh, ka yi haƙuri, ya Hajj. Tun hantsi matan suka aiko. Na riga na ba wani." Ya nuna mini mutumin da haɓa, yana tsaye bakin ƙofa riƙe da wani tsohon keke. "Daga Khartoum ya zo. Shi da 'ya'yansa a ajin makaranta suke kwana. In ce masa ya mayar?"

Na dubi mutumin. Ban iya cewa a karɓe ba.

Da yammar nan na sauke sirdin a tsakar gida, a gaban kowa, shi yana riƙe mini da keken. Na kira jikokina na ce musu ni ne na taɓa shi ran nan, su yafe wa kakansu. Ƙaramar ta ce sai na saya mata alewa. Bayan haka ya yi makonni yana zaga garin a kan keken yana neman wani aikin, har bayan gari yake zuwa, ƙafar ba ta sake ɗaurewa ba ko sau ɗaya. Aikin ne babu. Na ce masa ya jira damina, za a nemi masu noma a manyan gonakin Gadambaliya, ina da sanayya a can. Wannan karon ma ban bi ta Hajiya ba, na faɗa masa da bakina. Ya ce, "Baba, damina da saura, kuma na daɗe ina cin abincinku." Ranar wata Asabar ya shiga motar arewa.

'Yata ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Tana kawo mini shayi da safe kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Hajiya kan ce abin da Allah Ya rubuta ne, da sirdi da babu sirdi mai tafiya sai ya tafi. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma na san Allah Ya ba ni sanin abin, Ya ba ni baki, Ya kuma kawo mutumin gabana kowace safiya a durƙushe.

Inda yake babu waya sai ya shigo wata kasuwa, wani lokaci sai a yi makonni ba a ji shi ba. In ya kira, matarsa da yara ke karɓa, ni sai dai a isar mini da gaisuwa. A kiransa na baya-bayan nan ina zaune a rumfa sai 'yata ta fito da sauri, ta miƙo mini wayar da hannu biyu, ta ce, "Baba, wai ku yake nema."

Na karɓa. Muryarsa na zuwa tana yankewa, ga iska, ga ƙarar inji a bayansa.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya jikin naku? Ya gwiwa?"

"Alhamdu lillahi. Ya zafi a can?"

"Sai godiya. Ya Hajiya? Ya mutanen masallaci?"

Na amsa duka, ni ma na tambayi abokan aikinsa da mai gidan da ya sauke su. Ina shirin in ce masa damina ta sauka, an fara ɗaukar mutane a gonaki, ya dawo gida, shi ma na ji ya ce, "Baba, dama ina so in ce," sai layin ya ɗauke. Na yi ta cewa salamu alaikum a cikin wayar. 'Yata ta karɓa ta gwada kira, ba ta shiga ba, ta sake gwadawa.

Ta ce, "Me ya ce, Baba?"

Na ce, "Ya ce yana lafiya."